Bindigar hukuma da bindigar talaka: tambayoyi da amsoshi kan harbin jami'an tsaro da riƙe makami

Duk lokacin da wani bidiyo na harbin 'yan sanda a Amurka ya zagaya wayoyin mutane, ko aka ji labarin an bindige wani a shingen bincike, sai muhawara ta tashi a majalisun Marwa, Garwa da Kuseri a arewacin Kamaru. Wasu na cewa jami'in tsaro yana da ikon harbin duk wanda ya ƙi tsayawa, wasu kuma na cewa da talaka yana riƙe da bindiga kamar yadda Amurkawa suke yi, da babu mai taɓa shi. Na tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa domin a duba abin da doka ta tanada da kuma abin da ya riga ya faru.

Shin doka ta ba ɗan sanda ko jandarma ikon kashe mutum?

Ta ba shi, amma ta wata ƙofa mai ƙunci ƙwarai. Ma'aunin da ƙasashen duniya suka fi dogara da shi shi ne ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga, waɗanda aka amince da su a birnin Havana na ƙasar Kuba a 1990. Ƙa'ida ta 9 ta ce jami'i ba zai ɗora wa mutum bindiga ba sai domin kare kansa ko kare wani daga barazanar kisa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, ko domin hana wani babban laifi da ke barazana ga rayuka, ko domin kama mai irin wannan haɗari, kuma duk wannan sai idan hanyoyin da ba su kai harbi tsanani ba sun gaza. Harbi da niyyar kisa kuwa bai halatta ba sai ya zama babu wata mafita ta ceton rai. Ana kuma buƙatar jami'in ya bayyana ko shi wane ne, ya yi gargaɗi idan hali ya ba da dama, sannan ya nema wa wanda ya harba magani cikin gaggawa, a kuma sanar da danginsa.

Waɗannan ƙa'idoji ba yarjejeniya ba ce da ake sa wa hannu, amma tushensu haƙƙin rayuwa ne, wanda sashe na 4 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981 ya tabbatar, kuma Kamaru da Cadi duk sun amince da wannan yarjejeniya.

To wanda aka tsayar a shinge ya ƙi tsayawa fa?

Nan ne aka fi samun kuskuren fahimta, kuma nan ne jini ya fi zuba a hanyoyinmu. Gudu shi kaɗai ba ya halatta jinin mutum. Mafi yawan waɗanda ke tsere wa shinge ba 'yan fashi ba ne: ɗan acaba ne da takardun babur ɗinsa suka ƙare, ko direban da ya yi lodi fiye da kima, ko matashin da katin shaidarsa bai fito ba, ko wanda ya gaji da miƙa sefa ɗari biyar a kowane shinge. Duk waɗannan laifinsu na tara ne ko na kwana a kwamisariya, babu ɗayansu da hukuncinsa kisa ne ko a gaban alƙali, balle a bakin hanya.

Na taɓa ganin yadda abin yake farawa. Muna cikin motar haya bayan isha'i, an tsayar da mu ana haska fuskokinmu da tocila, sai wani yaro a kan babur ya hango igiyar shingen ya juya da sauri. Nan take na ji ƙarar ɗana bindiga. Direbanmu, dattijo mai furfura, ya leƙa ta taga ya ce da murya a kwance: "Shef, don Allah bar shi, yaro ne, takarda ce ba shi da ita." Jami'in ya daɗe yana kallon duhun da babur ɗin ya shiga kafin ya sauke bindigar, kuma na lura hannunsa yana rawa. Tun daga ranar na fahimci cewa tsoro, fiye da mugunta, shi ne ke danna kunamar bindiga a mafi yawan lokuta.

Ba kullum ake dacewa da irin wannan dattijo ba. A watan Oktoban 2021 a garin Buea, wani jandarma ya harbi motar da ta ƙi tsayawa a shinge, harsashin ya kashe ƙaramar yarinya da ake kai wa makaranta, jama'a kuma suka far masa suka kashe shi a wurin. Wata guda bayan haka aka sake rasa wata 'yar makaranta a Bamenda ta hanyar harsashin ɗan sanda da ya harbi wata mota.

Ko a Amurka, inda 'yan sanda suka yi suna da saurin harbi, Kotun Ƙoli ta yanke wannan magana tun 1985 a shari'ar Tennessee da Garner. Asalin shari'ar wani yaro ne ɗan shekara 15, Edward Garner, wanda ɗan sanda ya harba a ƙeya a birnin Memphis a 1974 yana ƙoƙarin haure shingen gida bayan ya shiga sata. Abin da aka samu a jikinsa jaka ce da dala 10. Kotun ta ce ba a harbin mai gudu sai akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa zai iya kashe wani ko ya yi masa mummunan rauni.

Idan ƙasa tana cikin rikici ko zanga-zanga, ba a sassauta wa jami'ai?

Ƙa'ida ta 8 ta fito fili ta ce ba a fakewa da rikicin siyasa ko dokar ta-ɓaci a karya waɗannan sharuɗɗa, wasu ƙa'idojin kuma sun nuna ba a amfani da harsashi mai rai don kawai a tarwatsa taro. Mutanen Cadi ba za su manta da ranar Alhamis 20 ga Oktoban 2022 ba, lokacin da aka buɗe wuta kan masu zanga-zangar ƙin tsawaita mulkin riƙon ƙwarya a Njamena, Mundu da wasu garuruwa. Gwamnati ta fara cewa kimanin mutum 50 ne suka mutu, amma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar da kanta ta ƙirga 128.

Me ya sa Amurkawa suke da haƙƙin riƙe bindiga?

Saboda tsarin mulkinsu ya rubuta shi. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin a 1791 ya ce ba za a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu ba, a zamanin da ƙasar ba ta daɗe da fita daga yaƙin neman 'yanci da Ingila ba, tana kuma dogara da mayaƙan sa-kai. An yi shekaru ana gardama ko haƙƙin na rundunonin sa-kai ne ko na kowane mutum, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2008, a shari'ar Heller, cewa na kowane mutum ne domin kare kansa a gida, sannan a 2022, a shari'ar Bruen, ta faɗaɗa shi zuwa wajen gida. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta a 2018 cewa farar hula a Amurka na riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, wato bindigogin sun fi mutanen ƙasar yawa.

A Kamaru da Cadi fa, akwai irin wannan haƙƙi?

Babu. A nan riƙe bindiga izini ne da hukuma ke bayarwa, kuma tana iya janye shi. A Kamaru dokar 14 ga Disamban 2016 ce ke tsara makamai da harsasai, ta kasa su rukuni takwas. Makaman yaƙi irin su kalashinikof haramun ne ga farar hula, bindigar farauta da ta kare kai kuwa sai an nemi izini ta hannun hukumomin mulki da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida. A Afrilun 2018 ma'aikatar ta dakatar da sayar da makamai da harsasai a jihohi shida, ciki har da Adamawa. Ƙasashen biyu kuma suna cikin Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan taƙaita ƙananan makamai a Afirka ta Tsakiya. Abin da doka ta bar wa kowa shi ne kare kai: sashe na 84 na dokar laifuka ta Kamaru ya ɗauke laifi daga wanda ya kare kansa ko wani daga farmaki na zalunci, matuƙar martaninsa bai zarce girman farmakin ba. Malamanmu na fiƙihu ma haka suke karantarwa game da tunkuɗe mai kawo hari, cewa a fara da mafi sauƙi, idan kuma ya juya baya ya gudu ba a bin sa da kisa.

Amma da talaka yana da bindiga, ai jami'ai za su riƙa shakkarsa?

Wannan ita ce hujjar da ta fi jan hankalin matasa, kuma na fahimci zafin da ke ƙarƙashinta, amma abin da ke faruwa a Amurka ya saɓa mata. Jaridar Washington Post ta ƙirga waɗanda 'yan sanda suka bindige har lahira daga 2015 zuwa 2024, kuma adadin ya kasance a kewayen mutum dubu ɗaya a kowace shekara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗan sandan da ya san kowace mota tana iya ɗauke da bindiga, yana tunkarar kowace taga da hannu a kan tasa, kuma kotunan ƙasar, tun hukuncin Graham da Connor na 1989, suna auna harbin ne da abin da jami'i mai hankali zai gani a wannan daƙiƙa. Yawan bindigogi sai ya zama uzurin da jami'i ke kare kansa da shi.

Labarin Philando Castile ya isa misali. Baƙar fata ne mai aiki a ɗakin abincin wata makaranta a jihar Minnesota, yana da lasisin ɗaukar bindiga. A watan Yulin 2016 ɗan sanda ya tsayar da motarsa, shi kuma cikin ladabi ya sanar da shi cewa yana da bindiga a tare da shi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi jami'in ya saki harsashi bakwai, alhali budurwar Castile tana gefensa, 'yarta mai shekara 4 kuma tana kujerar baya. Matar ta nuna abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook, duniya ta gani, amma a 2017 kotu ta wanke jami'in. A Birtaniya kuwa, inda aka haramta wa farar hula ƙananan bindigogin hannu a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, yawancin 'yan sanda ba sa ɗaukar bindiga a sintiri, kuma waɗanda suke bindigewa a shekara ba su cika wuce a ƙirga su da yatsu ba.

To mutanen ƙauye da Boko Haram da masu garkuwa suka addaba, da me za su kare kansu?

Wannan tambaya ta fi sauran nauyi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma wanda ke kwana a Kolofata ko Amcide, ko makiyayin Adamawa da aka sace ɗansa aka sa shi sayar da garkensa, bai cancanci a yi masa wa'azi daga birni ba. Tun 2014 'yan banga a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru suke gadin ƙauyuka da kwari da baka, adduna da bindigogin toka, sun tare 'yan ƙunar baƙin wake da dama, wasunsu kuma sun rasa rayukansu a kan haka. Sai dai waɗannan ƙungiyoyi suna aiki ne da sanin lamido, lawan da sufirefe, an san sunayensu, akwai wanda za a tuhuma idan sun wuce gona da iri. Makamin da babu mai lissafinsa kuwa mun ga aikinsa a Logon Birni a 2021, inda rigima kan ruwa tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa ta cinye ƙauyuka, ta iso har Kuseri, dubun dubatar mutane suka tsallaka kogi zuwa Cadi.

Idan jami'i ya harbi ɗan uwanmu, ina za mu dosa?

Farko a riƙe shaida tun kafin ta ɓace: sunayen waɗanda suka gani da ido, lokaci da wuri, lambar mota, hotuna, da takardar likita da ta bayyana inda harsashi ya shiga. Gaggawar jana'iza sunna ce, amma a yi ƙoƙari likita ya duba gawar ya rubuta kafin a kai ta makwanci, domin bayan haka magana takan koma musu. Sannan a shigar da ƙara a rubuce wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati, tare da lauya idan da hali. Idan jandarma ne ko soja, shari'ar takan tafi kotun soja. Ana iya kai koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru, wadda dokar 2019 ta kafa. Cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke jami'in da ya san umarnin ya saɓa wa doka a fili, kuma shugaban da ya ba da shi yana da nasa alhakin.

Hanyar tana da tsawo, amma an taɓa bin ta. A 2018 wani bidiyo ya fito yana nuna sojoji suna bindige mata biyu da 'ya'yansu biyu a kusa da Zelevet, cikin Mayo Tsanaga. Da farko gwamnati ta ce bidiyon ƙarya ne, sai masu bincike suka gane wurin ta hanyar tsaunuka da bishiyoyin da ke cikin hoton. A watan Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma, na biyar kuma shekara biyu.