Ɗan Siyasa, Aurensa da Muhawarar Auren Jinsi: Tambayoyi da Amsoshi

Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta bakin shagon tela kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, sai wani matashi ya kunna mana muryar wani ɗan siyasa da ke yawo a WhatsApp. Mutumin yana ta rantsuwa cewa muddin yana numfashi ba za a kawo auren jinsi ƙasar nan ba. Aka yi ta jinjina masa. Sai wani dattijo da ya shafe shekaru yana tuƙa manya tsakanin Katsina, Kaduna da Abuja ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "'Ya'yana, in kuna son sanin mai tsoron Allah cikin manyan nan, ku bar sauraren lasifika. Ku tambayi direba ƙofar da yake kwana cikin mota yana jira." Musu ya kaure har aka kira magariba. Tambayoyin da aka yi ta jefowa a ranar su na tattara, ga abin da zan iya cewa a kansu.

Tambaya: Ita muhawarar auren jinsin, daga ina ta taso, ina kuma ta kai?

Amsa: Ƙasar Holan ce ta fara halatta shi a dokance a 2001. A Afirka, Afirka ta Kudu ta yi haka a 2006. A Amurka jihar Masachusets ta fara a 2004, sannan ranar 26 ga Yuni 2015 Kotun Ƙoli ta ƙasar, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta wajabta wa dukkan jihohi amincewa da shi. Masu goyon baya sun kafa hujja da daidaito a gaban doka: gado, haraji, izinin tsayawa a kan majinyaci a asibiti. Shari'ar da ta girgiza tsohuwar dokar aure ta gwamnatin tarayyar Amurka a 2013 ma ta kuɗin gado ce, inda aka caji wata tsohuwa mai suna Edith Windsor harajin sama da dala 363,000 bayan rasuwar abokiyar zamanta, alhali da mijinta ne ya rasu ba za ta biya ba. Masu adawa kuwa, akasarinsu mabiya addini, suka ce aure tun fil'azal tsakanin namiji da mace yake, shi ne tushen zuri'a, kuma ba hurumin kotu ba ne ta sauya ma'anarsa. Mu a nan matsayin addininmu sananne ne, babu malamin da ke jayayya a kai, ni ma a kansa nake.

Tambaya: To ina ruwan neman matan 'yan siyasa da wannan magana?

Amsa: Su suka haɗa su da bakinsu. A 1996 majalisar Amurka ta yi wata doka ta raɗa mata suna Dokar Kare Aure, wadda ta ce a idon gwamnatin tarayya aure shi ne na namiji ɗaya da mace ɗaya. Ta wuce da ƙuri'a 342 a kan 67 a majalisar wakilai, 85 a kan 14 a ta dattawa. Yanzu a dubi masu kare auren. Shugaba Bill Clinton da ya sa mata hannu, a daidai wannan tsakanin ne yake mu'amalar ɓoye da Monica Lewinsky, yarinyar da ta zo koyon aiki fadar gwamnati. Kakakin majalisar, Newt Gingrich, yana cikin jagororin yunƙurin tsige Clinton kan maganar Lewinsky a 1998, amma a 2007 ya amsa da bakinsa cewa a lokacin shi ma yana da farka, wata ma'aikaciyar majalisa, ga matarsa a gida. Bob Livingston da aka tsayar ya gaje shi bai ma hau kujerar ba, asirinsa ya tonu, ya sanar da murabus a ranar da aka kaɗa ƙuri'ar tsige Clinton, cikin Disamba 1998.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Mark Sanford, tsohon gwamnan jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Yana ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'ar tsige Clinton, kuma an san shi da adawa da auren jinsi. A watan Yuni 2009 aka neme shi aka rasa kusan mako guda. Ma'aikatansa suka ce ya tafi tattaki a kan duwatsu. Ashe yana Ajantina wajen wata mace, ya bar matarsa da 'ya'ya maza huɗu, ya bar jiha ba wanda ya san inda gwamnanta yake. A Hangari kuma akwai József Szájer, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin 2011 da ya taƙaita aure tsakanin namiji da mace. A Nuwamba 2020 'yan sandan Birasels suka kai samame wani shagalin baɗala na maza zalla da ya karya dokar kullen korona, aka kama shi yana ƙoƙarin sulalewa ta indararo. Ya ajiye kujerarsa ta majalisar Turai. Irin wannan ne Bahaushe ke kira Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Tambaya: Masu adawa da auren jinsi ne kaɗai ke wannan?

Amsa: A'a. John Edwards, wanda ya yi wa jam'iyyar Dimokurat takarar mataimakin shugaban ƙasa a 2004, ya haihu da farkarsa matarsa na fama da ciwon daji. Eliot Spitzer, gwamnan Niyok mai goyon bayan auren jinsi, ya sauka a 2008 kan hulɗa da karuwai, alhali yana babban lauyan jiha ya gurfanar da masu wannan sana'a. Cin amana ba ya da jam'iyya. Abin da ya sa na wasu ya fi ɗaci shi ne sun ci zaɓe da sunan tsarkin aure.

Tambaya: Idan mai maganar munafuki ne, maganarsa ta faɗi ke nan?

Amsa: Ba ta faɗi ba. Mashayi ya ce giya na lalata hanta, gaskiya ya faɗa. Halin Gingrich ko Sanford bai yanke hukunci a kan menene aure ba, kamar yadda halin Edwards bai yanke ba. Abin da ya faɗi shi ne amanar mai maganar, da cancantarsa ya tsaya gaban jama'a yana nuna wasu da yatsa. Alƙur'ani ya yi wannan tambaya a Suratul Baƙara aya ta 44, ga masu umartar mutane da alheri suna mantawa da kansu, ya kuma maimaita a farkon Suratus Saffi cewa babban abin ƙi ne a wurin Allah mutum ya faɗi abin da ba ya aikatawa. Ayoyin ba su ce alherin ya zama ƙarya ba. Mai faɗar suka kama.

Tambaya: Wannan ai labarin Turawa ne masu mace ɗaya. Mu da aka halatta mana huɗu fa?

Amsa: Wannan ne ma ya sa namu ya fi muni. Wanda aka buɗe wa ƙofa huɗu ya bi ta katanga, wane uzuri ya rage masa? Kuma kowa a garin nan ya san siffofin abin, ko da ba a ambaci suna ba. Akwai gidan da ake kama wa yarinya a Abuja ko Kaduna, zaman dadiro ba sadaki ba waliyyi. Akwai yaran da aikinsu a ofishin mai gida kawalci ne, amma a takarda mataimaka ne na musamman. Akwai 'yar makarantar da ta je neman tallafin kuɗin rajista aka ce ta dawo da dare. Akwai kuma wanda ya fi wuyar kamawa domin an lulluɓe shi da rigar halal: auri-saki.

Wannan na ƙarshe a gidanmu na gan shi. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata, tana da shekara goma sha tara, wani mai riƙe da muƙami ya aure ta ana sauran 'yan watanni zaɓe. Aka ɗaura a zaure da mutum bai fi goma ba, aka ce kar a yi taro saboda uwargida. Ya ajiye ta a gidan haya, yana leƙowa in dare ya raba. Bayan wata bakwai direba ya kawo mata ambulan, takardar saki da 'yan kuɗi a ciki, tana da ciki wata huɗu. Na tuna mahaifiyarta zaune a tsakar gida da takardar a hannu, ba ta iya karatun boko ba, ta miƙo mini ta ce, "Karanta mani, ɗana, mi ya ce ta yi mashi?" Babu abin da ya ce ta yi. Layi biyu ne kawai. Yaron yanzu yana firamare, kakarsa ke sayar da ƙosai tana biya masa kuɗin makaranta, uban kuwa har yau in ya samu lasifika tarbiyya yake wa mutane wa'azi a kai. Ba zan kira abin da ya yi zina ba, domin an ɗaura aure. Amma wanda ya mayar da igiyar aure abin biyan buƙatar wata bakwai ba shi da bakin cewa yana kare ta.

Tambaya: Me dokar Najeriya ta ce, kuma a kan wa take aiki?

Amsa: Majalisar dattawa ta amince da dokar haramta auren jinsi a Nuwamba 2011, ta wakilai ta bi a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairu 2014. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiyarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zina ma laifi ce a rubuce tun tuni: tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, a sashe na 387 da 388, ya sa mata ɗaurin da ya kai shekara biyu. Sannan ga shari'ar Musulunci da jihohin Arewa goma sha biyu suka ƙaddamar, Katsina a cikinsu tun 2000 zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa.

To a lissafa sunayen da duniya ta sani daga waɗannan kotuna. Buba Jangebe da aka yanke wa hannu a Zamfara a 2000 kan satar saniya. Safiya Husaini ta Sakkwato da aka yanke wa hukuncin jifa kan zina, daga baya aka wanke ta. Da tamu ta nan gida, Amina Lawal, bazawara 'yar ƙauye da kotu a Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a Maris 2002 saboda ta haihu. Namijin da ta ambata ya rantse, ba shaidu, ya kama gabansa. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin, sai a Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a nan Katsina ta wanke ta, bisa kurakuran da aka tafka a shari'ar farko da kuma maganar kwanciyar ciki da mazhabar Malikiyya ta yarda da ita. Duk talakawa ne, babu mai jiniya ko ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu da wannan lokacin da aka zo neman alfarma ga matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata: abin da ya halaka mutanen farko shi ne in babba ya yi laifi su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi.

Tambaya: Me ya sa 'yan siyasarmu ke son ɗauko wannan batu?

Amsa: Domin ba ya cin su ko sisi. A Katsina ko Daura wa ke neman a halatta auren jinsi? Wane ɗan majalisa ya taɓa kai ƙudurin? Mutum ya tsaya yana yaƙi da abin da doka ta riga ta hana, jama'a kuma suka haɗu a kan ƙinsa, ya samu kabbara kyauta. A Yuli 2024 an ga yadda ƙasar nan ta ɗauki zafi kan yarjejeniyar Samowa da Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai, aka ce an cusa auren jinsi a ciki. Gwamnati ta musanta, jaridar da ta fara buga labarin daga baya ta nemi afuwa, amma an riga an yi makonni ba a maganar farashin masara da taki. Abubuwan da ke rusa aure a jiharmu kuwa suna buƙatar aiki da kuɗi: matan da 'yan bindiga suka mayar zawarawa a Batsari, Jibiya, Safana da Faskari, magidantan da suka tsere suka bar iyali saboda ba abin cefane, matasan da suka kai talatin ba halin lefe, iyayen da suka ga an kwashe 'ya'yansu sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020. Waɗannan ba a magance su da rantsuwa a lasifika.

Tambaya: Ke nan mu shiga tonon silili, mu fallasa su?

Amsa: Ban ce haka ba, kuma ina tsoron wannan hanya. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin mutane. Suratun Nur ta ce wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ce a kansa, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Wannan kariya ta kowa ce, ta Honarabul da ta ɗan tireda. Yau a Facebook an mayar da "ɗan luwaɗi" da "'yar maɗigo" makamin ɓata abokin hamayya ko wanda aka yi faɗa da shi a unguwa. Babba in aka jefe shi yana da lauya da 'yan sanda a ƙofa. Yaron talaka kuwa kalma ɗaya ta isa a taru a kansa da sanduna kafin a tambayi hujja, kuma duk abin da ake zarginsa da shi, babu addini ko doka da ta ba taron unguwa ikon dukansa ko zubar da jininsa.

Abin da ke hannunmu shi ne na fili, wanda ba ya buƙatar leƙen taga. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a ya fara da auren jinsi, a ce masa, "Ranka ya daɗe, mun ji, a nan ba mu da saɓani." Sannan a tambaye shi mata nawa ya saka, wa ke ciyar da 'ya'yan da suka tafi da su, wace doka ya kai majalisa da za ta tilasta wa uba ɗaukar nauyin ɗansa bayan rabuwa, ina kuma kuɗin aikin mazaɓa na bara suka shiga.