Cocin da ya gina wa baƙinsa masallaci: tambayoyi da amsoshi kan saukar 'yan gudun hijira a Yola

A watan Afrilun 2021 aka buɗe wata sabuwar unguwa mai gidaje 86 a ƙauyen Sangere-Marghi da ke ƙaramar hukumar Girei a jihar Adamawa. Cocin Katolika na Yola ne ya gina ta domin 'yan gudun hijira, kuma a cikinta akwai makaranta da coci da masallaci. Zancen masallacin ne ya fi yawo a bakin jama'a, amma tushen labarin ya koma wajen shekara bakwai baya.

Me ya kai mutane harabar coci tun da farko?

Gudun tsira da rai. A 2014 Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agusta, ta gangaro Madagali da Michika, kafin Oktoba ya ƙare ta shiga Mubi, gari na biyu mafi girma a Adamawa. Jama'a suka fantsama. Wasu suka bi daji a ƙafa, wasu suka haura duwatsu suka faɗa Kamaru, daga can suka zagayo Yola. Gwamnati ta buɗe sansanoni irin su Damare da Malkohi, amma mafi yawan waɗanda suka gudo a gidajen dangi da na mutanen arziki suka raɓa. Wanda ba shi da kowa a gari fa? Dubbai daga cikin irin waɗannan suka nufi babban cocin Saint Theresa da ke Jimeta. Bishop Stephen Dami Mamza, shugaban cocin Katolika na Yola, wanda shi ma ɗan yankin Michika ne, ya sa aka buɗe musu ƙofa.

Sauke baƙo abu ne da kowane gida ya sani. Mene ne abin mamaki a nan?

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, wato da hantsi ya yi sai ya kama gabansa. Waɗannan baƙin ba su da inda za su koma, domin gidan da suka baro an ƙone shi ko yana hannun masu bindiga. Ranar farko mai sauƙi ce: tausayi yana da zafi, kowa na rige-rigen kawo tabarma da tsofaffin kaya. Wata na uku ne ake gane masu haƙuri.

Duk wanda ya taɓa yin girkin biki ya san wahalar ciyar da taro na yini guda. To a mai da shi kullum, safe da dare. Ana bukatar masara da shinkafa da wake buhu-buhu, da itace, da ruwan sha da na wanka, da bayan gida da zai ɗauki wannan jama'a ba tare da amai da gudawa sun ɓarke ba. Mace mai tsohon ciki za ta haihu a tsakar dare, sai an san wanda zai kai ta asibiti. Tsoho zai rasu nesa da ƙauyensu, sai an nemo likkafani ko akwati da wurin binnewa. Yaro zai farka yana ihu saboda abin da idonsa ya gani a hanya. Ga 'yan makaranta da karatunsu ya tsaya cak. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wa'azi yake magancewa. Hannu ne, da aljihu, da mutanen da suka yarda su rasa barci.

A ganina, a nan ne darajar aikin take, fiye da ranar yanke kyalle da manyan baƙi.

Daga ina aka samu abin ciyarwa da na gini?

Gidajen Sangere-Marghi da tallafin Missio aka gina su, wata ƙungiyar Katolika da ke Jamus. Abinci kuwa ya fito daga hannaye da yawa: baikon masu ibada, ƙungiyoyin agaji, da haɗin gwiwar da Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta yi da shugabannin Musulmi da Kirista na gari, inda aka riƙa rabon hatsi a coci da masallaci ba tare da ware kowa ba.

Shin ba dabarar jawo mutane cikin addini ba ce?

Tambaya ce da Musulmi da dama suke yi a zuci, kuma bai kamata a yi fushi da mai yin ta ba. Mai jin yunwa ba shi da ƙarfin cewa a'a, kuma duk wanda ya ɗaura sharaɗi a kan kwanon tuwo ya ci amanar baƙunci, ko wane addini yake bi. Abin dubawa shi ne yadda aka ƙare. Cikin iyalan da suka zauna a harabar Saint Theresa har zuwa ƙarshe akwai Musulmi. Sun shiga a Musulmi, sun yi shekaru suna sallarsu a inuwar coci, sun fita a Musulmi, aka kuma gina musu wurin salla a sabuwar unguwarsu. Mai neman canza wa mutum addini ba ya gina masa masallaci.

Su kuwa Kiristoci, hujjarsu tana cikin Linjila. A Matiyu sura 25, Yesu ya lissafa ciyar da mayunwaci da sauke baƙo da duba marar lafiya a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. A misalin Basamariye kuma, da ke Luka sura 10, wanda ya tsaya ya ɗauki mai rauni ba ɗan ƙabilarsa ba ne, ba kuma abokin ibadarsa ba.

Tunda sojoji sun ƙwato garuruwan, me ya hana su komawa?

Da yawa sun koma bayan an ƙwato Mubi da Michika da Madagali tsakanin ƙarshen 2014 da farkon 2015. Waɗanda suka rage 'yan ƙauyukan da ke bakin dajin Sambisa ne, inda zuwa gona ma kasada ce. Zaman haraba kuma ba ya zama gida komai daɗewa. Magidanci yana son ƙofar da zai rufe, uwargida tana son murhunta.

Kiristoci duka sun yi na'am da gina masallacin?

A'a. Bishop ɗin da kansa ya shaida wa manema labarai cewa ya sha suka daga wasu Kiristoci. Ba wuya a fahimci ciwonsu: an ƙona musu majami'u ba adadi, an kashe musu fastoci da 'yan'uwa, kuma masu kisan suna kiran sunan Musulunci. Mutumin da ya binne ɗansa, ka ce masa kuɗin coci zai tafi ginin masallaci, dole ransa ya sosu.

Amsar da bishop ya bayar ita ce, lokacin da mutanen suka zo bai tambayi addinin kowa ba, kuma tunda an gina wa Kiristocin unguwar coci, ba adalci ba ne a bar maƙwabtansu Musulmi ba wurin ibada. Ina tare da shi a kan wannan. Musulmin da ya kwana a harabar Saint Theresa ba shi ya ƙona coci ba. Shi ma korarre ne, wuta ɗaya ce ta cinye gidajensu. Idan ka sauke mutum, ka sauke shi da sallarsa.

Katolika kaɗai suka yi irin wannan?

Ko kusa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda ta samo asali a Garkida a 1923, ita ce cocin da rikicin ya fi yi wa ɓarna, har hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun mayaƙan a Oktoban 2014. Duk da haka wani ɗanta, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda Musulmi da Kirista da suka gudo suke zaune tare. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barkin Ladi, jihar Filato, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa lokacin da mahara suka far wa yankin.

Ƙaramar ikilisiyar da ba ta da abokai a Jamus, me za ta iya?

Abin da da yawansu suke yi tun tuni ba tare da kowa ya ji ba. Zumuntar mata ita ce ƙashin bayan wannan aiki a majami'un Arewa: su ne masu sanin wace gwauruwa ce ba ta ɗora tukunya ba jiya, wane maraya aka koro saboda kuɗin makaranta, wa ke kwance a asibiti ba mai jinya. Mudun masara daga kowane gida ranar Lahadi yana cika buhu. Kayan godiyar kaka, doya da dawa da kaji, ana iya ware wani kaso ga mabukatan unguwa. Rijiyar burtsatse da ke harabar coci, a bar famfonta a waje da katanga, yadda yarinyar gidan liman za ta ɗebi ruwa ba sai ta nemi izinin mai gadi ba.