Dobutamin

Dobutamin magani ne da ake saka wa mara lafiya ta jijiya domin ƙara wa zuciya ƙarfin matsewa idan ta gaza tura jinin da jiki yake bukata. Ba a shan sa, ba a kuma yin allurarsa a tsoka. Ana gauraya shi ne da ruwan gishiri ko na sukari a cikin leda ko babban sirinji, ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan ba yankewa. Shi ya sa wurinsa ɗakin gaggawa ne, da ɗakin tiyata, da sashen kulawa ta musamman, wanda mutanen Kano suka fi sani da ICU.

Ronald Tuttle da Jack Mills, masu bincike a kamfanin Eli Lilly na Amurka, su suka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1970, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1978. Abin da suke nema shi ne maganin da zai ƙarfafa zuciya ba tare da ya sa ta gudu fiye da kima ba, aibin da aka san wani tsohon maganin zuciya mai suna isoprenalin da shi.

A jikin naman zuciya akwai wasu wuraren karɓar saƙo da ake kira beta-1. Dobutamin na kama su, sinadarin kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayoyin naman, kowane bugu ya fito da jini mai yawa. Yana kuma ɗan sassauta jijiyoyin jini, abin da ke rage wa zuciya nauyin da take turawa. A nan ya bambanta da noradrenalin, wanda aikinsa matse jijiyoyi ne don jini ya hau. Idan jinin mara lafiya ya faɗi ƙasa sosai, dobutamin kaɗai na iya ƙara sauke shi, don haka likitoci kan haɗa biyun.

Ma'auninsa ƙanƙani ne ƙwarai, yawanci daga mikrogram (kashi ɗaya cikin miliyan na gram) 2 zuwa 20 a kan kowane kilo na nauyin mutum a cikin minti ɗaya. Yana fara aiki cikin minti ɗaya ko biyu, rabinsa kuma yana barin jini cikin kamar minti biyu. Wannan saurin shi ne amfaninsa, shi ne kuma wahalarsa: da an tsayar, aikinsa ya tafi. Ƙidayar ɗigo da ido, kamar yadda ake yi wa ƙarin ruwa na yau da kullum, ba ta isa ba. Sai da injin tura magani, da na'urar da ke nuna bugun zuciya, da ma'aikacin jinya a kusa. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, batirin injin ma ya zama wani ɓangare na jinyar.

A Kano, hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba na cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga gazawar zuciya. Sai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda Arewacin Najeriya ke cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Mace ta haihu lafiya, bayan 'yan makonni ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun alaƙanta shi da wankan jego da kunun kanwa, daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka nuna alaƙarsa da ƙarancin sinadarin seleniyam. Yawancin irin waɗannan mata ƙwayoyi da maganin fitar da ruwa ne jinyarsu. Dobutamin sai lamari ya yi tsanani, hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ragu, hankali ya fara gushewa.

Ba ya warkar da ciwon, lokaci kawai yake sama wa likita. Yana sa zuciya cin iskar oksijin fiye da da, yana iya jawo bugu mai sauri, rikicewar bugu, ciwon ƙirji ko ciwon kai. Bayan kamar kwana uku ana ba da shi, jiki kan saba, ƙarfinsa ya ragu. Ba a haɗa shi da maganin sodiyam bikabonet a bututun ƙarin ruwa ɗaya, domin bikabonet ɗin yana lalata shi, ba a kuma ba wa mai ciwon kaurin naman zuciya da ke toshe mafitar jini. Idan za a cire shi, a hankali ake ragewa ana duba awon jini da yawan fitsari.