Sababbin Binciken Kimiyya a Fannonin Likitanci, Ƙwayoyin Gado, Sinadarai da Motsa Jiki

Binciken kimiyya na baya-bayan nan a fannonin likitanci, ilimin ƙwayoyin gado, ilimin sinadarai da motsa jiki ya kai matsayin da raba fanni ɗaya da ɗan'uwansa yake da wuya. Kyautar Nobel ta ilimin sinadarai ta 2020 an ba da ita ne saboda dabarar gyara ƙwayoyin gado, ta 2024 kuma saboda gano siffar furotin da kwamfuta, alhali likitoci da marasa lafiya ne za su fi kowa cin moriyar su biyun. Kusan duk binciken da ya yi suna a 'yan shekarun nan yana da tushe a cikin wani aiki da aka yi shekaru da dama a baya, wanda a lokacinsa ba a kula da shi sosai ba. Inda suka sha bamban shi ne ƙarfin hujja: wasu an tabbatar da su da gwaji mai tsauri a kan dubban mutane, wasu kuwa alaƙa ce kawai aka lura da ita tsakanin abubuwa biyu.

Karanta bayanan gado

Bayanan da ɗan Adam ke gada daga iyayensa suna rubuce ne a cikin sinadarin DNA, da haruffa huɗu kacal, wato A, C, G da T, waɗanda suka jeru sama da biliyan 3. Aikin karanta wannan jeri ya fara a 1990, aka kuma sanar da kammala shi a 2003, sai dai kimanin kashi 8 cikin 100 ya rage ba a karanta ba, saboda wuraren da haruffa ke ta maimaita kansu sun fi ƙarfin na'urorin wancan zamani. Sai a 2022 wata ƙungiyar masana ta cike giɓin da haruffa kusan miliyan 200. A 2023 aka fitar da wani kundi da ya haɗa bayanan mutum 47 daga sassan duniya daban-daban, domin jeri ɗaya tak ba zai wakilci 'yan Adam duka ba.

Wannan batu na wakilci yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Mafi yawan mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali al'ummomin Afirka su ne suka fi kowa yawan bambancin gado a duniya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2020, wanda ya duba mutum 426 daga ƙabilu 50 na Afirka, ya gano sama da bambance-bambance miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba. Ke nan ma'aunin haɗarin cuta da aka gina da bayanan wata al'umma yakan rage inganci idan aka ɗora shi a kan wata.

Gyaran ƙwayoyin gado da ciwon sikila

Dabarar CRISPR ta samo asali ne daga nazarin yadda bakteriya ke kare kansu daga bairos. Bakteriya na adana guntun bayanan bairos ɗin da ya taɓa kai musu hari, idan ya dawo sai wani furotin mai suna Cas9 ya gane shi ya datse shi. A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna da abokan aikinsu suka nuna cewa ana iya juya wannan almakashi ya yanke DNA a duk inda aka nuna masa.

Ciwon sikila shi ne ya dace da zama zakaran gwajin dafi, domin tun da daɗewa aka san musabbabinsa dalla-dalla. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya bambanta a jikin masu ciwon, daga baya kuma Vernon Ingram ya gano cewa bambancin bai wuce amino asid ɗaya ba, wato tubali ɗaya daga cikin tubalan da ke gina furotin, a matsayi na 6 na sarƙar furotin ɗin. Wannan sauyi ɗaya ne ke sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su jawo raɗaɗi mai tsanani da lalacewar gaɓoɓi. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba na shekarar, bai taɓa harafin da ya sauya ba, zagaye ya yi. Jariri a cikin mahaifa yana amfani da wani nau'in himogulobin da ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, kuma bayan haihuwa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke kashe shi. Abin da likitoci ke yi shi ne su ɗebo ƙwayoyin halittar da ke samar da jini daga jikin majiyyaci, su raunana aikin BCL11A da almakashin CRISPR a ɗakin gwaji, sannan su mayar masa da su, sai jiki ya koma yin himogulobin irin na jarirai. A gwajin da hukumomi suka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla watanni 12 a jere ba tare da ciwon ya tashi da tsanani ba.

Sakamakon abin yabo ne, amma hanyar tana da wahala ƙwarai. Dole ne a fara kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, wanda ke iya hana haihuwa, majiyyaci kuma ya kwanta makonni a asibiti. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a Afirka kudu da Sahara da Indiya suke. Shi ya sa masana suka karkata zuwa neman hanyar yin gyaran a cikin jiki kai tsaye. A Mayu 2025 likitoci a birnin Filadelfiya suka sanar da cewa sun yi wa wani jariri mai cutar hanta ta gado magani da aka ƙera masa shi kaɗai cikin kimanin watanni 6, ta amfani da dabarar sauya harafi ɗaya ba tare da datse DNA ba, wadda David Liu da ɗalibansa suka fito da ita a 2016. Duk wannan ya shafi jikin majiyyaci ne kawai, ba ya wucewa zuwa zuriya. Gyaran ɗan tayi wani lamari ne dabam: He Jiankui, wanda ya yi hakan a ƙasar Sin a 2018, ya sha suka daga masana a duniya, kotu kuma ta ɗaure shi shekaru 3.

Gudummawar ilimin sinadarai

Alluran rigakafin korona na mRNA da aka fara yi a Disamba 2020 sun zo wa jama'a kamar daga sama, amma matsalar da ta hana su yiwuwa an warware ta ne tun 2005. mRNA sinadari ne da ke kai wa ƙwayar halitta umarnin ƙera furotin, kuma jiki yana ɗaukar wanda aka shigar masa a matsayin maƙiyi, ya tayar da kumburi. Katalin Karikó da Drew Weissman suka gano cewa idan aka ɗan sauya sinadarin ɗaya daga cikin haruffansa, garkuwar jiki takan ƙyale shi, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel ta likitanci a 2023. Ƙananan ƙwallayen maiƙo da ake naɗe mRNA a ciki su ma aikin masana sinadarai ne, kuma irinsu ne suka kai maganin jaririn Filadelfiya zuwa hantarsa.

Gano yadda furotin ke naɗe kansa yakan ci wa mai bincike watanni ko shekaru. Manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta yi zarra a gasar hasashen siffar furotin ta 2020, zuwa 2022 kuma ta fitar da hasashen siffofi sama da miliyan 200. Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind sun raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker, wanda ke ƙera furotin ɗin da babu irinsa a halitta. Hasashe dai hasashe ne, kuma sanin siffar furotin mataki ne na farko cikin doguwar tafiya zuwa magani.

Magungunan rage ƙiba sun fi nuna abin da ƙaramin sauyin sinadari ke iya yi. Hanji na fitar da sinadarin GLP-1 bayan cin abinci, yana ƙara insulin, yana kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, amma cikin mintuna biyu yake rushewa. John Eng ya bayyana a 1992 wani makamancinsa mai jurewa a cikin dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, daga nan aka samu maganin ciwon suga a 2005. Semaglutide kuwa, wani makamancin GLP-1 da ake amfani da shi wajen rage ƙiba, an liƙa masa sarƙar maiƙo da ke manne shi da furotin ɗin jini, har allura ɗaya ta isa mako guda. A gwajin da aka buga a 2021, mutum 1,961 aka raba gida biyu: masu karɓar maganin sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin makonni 68, masu karɓar allurar da ba magani a cikinta kuwa kashi 2.4. Wani gwajin na mutum 17,604 ya nuna a 2023 cewa maganin ya rage haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da kashi 20 cikin 100. Sai dai waɗanda suka daina shi sun maido da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin a cikin shekara ɗaya, kuma wani kaso na abin da ke zubewa tsoka ce.

Amfanin tsawaita aikin magani ya kuma bayyana a lenacapavir, allurar kariya daga ƙanjamau da ake yi sau biyu a shekara. A gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda, ba a samu ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin 2,134 da aka yi wa.

Motsa jiki da matsalar hujja

Nazarin motsa jiki a kimiyyance ya faro ne da Jeremy Morris, wanda ya nuna a 1953 cewa kwandastocin bas masu hawa biyu na Landan, waɗanda ke yini suna hawa da sauka, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke yini a zaune. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babban mutum ya yi mintuna 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya, wato kusan mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan ma'auni ba.

Abin da ya sauya fannin shi ne na'urorin auna motsi da ake ɗaurawa a hannu ko ƙugu, domin a da sai dai a tambayi mutum yawan motsin da yake yi, mutane kuwa sukan ƙara wa kansu gishiri. Taku 10,000 da aka saba ji ya fito ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka tallata a Japan a 1965, babu binciken likita a bayansa. I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bibiyi tsofaffin mata sama da 16,000, ta kuma ruwaito a 2019 cewa masu taku 4,400 a rana ba sa mutuwa da yawa kamar masu taku 2,700, amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500 sannan ya tsaya. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bincike 15 ya samu cewa amfanin yana daidaita a taku 6,000 zuwa 8,000 ga waɗanda suka kai shekara 60, da 8,000 zuwa 10,000 ga waɗanda ba su kai ba. A shekarar ne kuma Emmanuel Stamatakis ya duba mutum kusan 25,000 a Birtaniya da ba sa atisaye ko kaɗan, ya ga cewa 'yan gajerun motsi masu ƙarfi na minti ɗaya ko biyu, sau uku a rana, irin su hawa matakala da sauri, suna tafiya tare da raguwar mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100.

Duk waɗannan bincike ne na lura, kuma suna da rauni guda: wanda cuta ta fara cinsa a ɓoye yakan rage tafiya, don haka ƙarancin taku na iya zama alamar ciwo maimakon dalilinsa. Maganin wannan shakku shi ne a raba mutane ta hanyar ƙuri'a, abin da ke da wuya da tsada a harkar motsa jiki. Gwajin CHALLENGE, wanda masana a Kanada suka jagoranta aka buga a 2025, ya yi hakan da mutum 889 da aka yi wa tiyata da maganin ciwon daji na babban hanji. Rabinsu an haɗa su da mai horarwa na tsawon shekaru 3, sauran an ba su takardun wayar da kai kawai. Haɗarin dawowar cutar, ko bayyanar sabuwa, ko mutuwa, ya ragu da kashi 28 cikin 100 a rukunin farko, kuma bayan shekaru 8 kimanin kashi 90 cikin 100 nasu na raye, a ɗaya rukunin kuwa kashi 83. Bambanci irin wannan ya kai na wasu magungunan da ake saye da tsada.

Yadda motsi ke aikata hakan a cikin jiki ya sake mayar da tambayar hannun masana sinadarai da na gado. An gano cewa tsoka mai aiki tana zuba sinadarai cikin jini da ke kai saƙo ga hanta, kitse da ƙwaƙwalwa. A 2022 masana a Jami'ar Stanford suka bayyana ɗaya daga cikin sinadaran da ke hauhawa bayan gudu mai tsanani, Lac-Phe, wanda ya rage cin abinci a jikin ɓeraye masu ƙiba, an kuma ga hauhawarsa a jinin mutane da dawakan tsere. Ta ɓangaren gado, binciken da Claude Bouchard ya jagoranta a kan iyalai ya nuna cewa atisaye iri ɗaya na makonni 20 yakan ƙara wa wasu ƙarfin numfashi sosai, wasu kuma ɗan kaɗan, kuma 'yan gida ɗaya sukan yi kama a wannan. Wani babban nazari na 2011 kuma ya samu cewa tasirin ƙwayar gadon FTO, wadda ke ƙara haɗarin ƙiba, yana raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a jikin manya masu motsa jiki.