Fasahar zamani da ƙirƙirarriyar basira wajen koyar da Ingilishi a jami'a

Wannan fanni ya ƙunshi amfani da wayar salula, kwamfuta, intanet da manhajojin ƙirƙirarriyar basira domin koyar da sauraro, furuci, karatu da rubutun Ingilishi a matakin jami'a. A Nijar batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, sa'ad da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. A Maraɗi, inda Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta fi karkata ga kimiyya, noma da lafiya, ɗalibi na neman Ingilishi ne don ya karanta mujallun bincike, ya kuma rubuta taƙaitaccen bayanin kundinsa. Ga kuma Katsina nan kusa, ciniki da neman ilimi na kai mutane can kullum.

Kayan aiki

Dandalin Moodle, wanda ya fito a 2002 kuma kyauta ne, shi ne ma'ajiyar darussa da gwaje-gwaje a jami'o'i da yawa. Amma inda kuɗin data ke da tsada kuma wuta ke yawan ɗaukewa, rukunin WhatsApp na aji ne ke ɗaukar nauyin aikin. Sauti ya fi bidiyo araha nesa ba kusa ba: minti ɗaya na sautin MP3 a kan kilobit 64 a daƙiƙa bai kai rabin megabait ba. Shi ya sa malami ya fi cin riba idan ya yanka darasin sauraro gunduwa-gunduwa, minti biyu zuwa uku, ɗalibi ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Bluetooth.

Manhajojin hira irin su ChatGPT, da ya fito ran 30 ga Nuwamba 2022, ba su da kundin gaskiya a cikinsu. Kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya suke hasashe, bisa tarin rubutun da aka horar da su a kai. Daga nan ƙarfinsu yake, daga nan kuma rauninsu.

Yadda ake aiki da su a darasin rubutu

Tsarin da ya fi amfani shi ne ɗalibi ya fara rubuta sakin layi na kalmomi 120 zuwa 150 da hannunsa, a cikin aji. Sannan ya shigar da shi manhajar, ya gaya mata matakinsa a ma'aunin harsuna na Turai mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, ya ce ta nuna kurakurai da dalilinsu, kada ta sake rubutawa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan aikin. In aka bar shi, manhajar za ta dawo da rubutu sumul wanda ɗalibin bai san yadda aka yi shi ba. Daga nan ya gyara da kansa, ya miƙa wa malami abubuwa uku: rubutun farko, amsar na'ura, da gyararren rubutu. Malami na ba da maki ne a kan tazarar da ke tsakanin na farko da na uku.

Inda ake tuntuɓe

Ɗalibin Maraɗi na isowa Ingilishi ne ta kan Hausa da Faransanci, kuma kowanne na barin sawunsa. Faransanci na jawo kalmomi masu kama da juna amma ma'ana daban: ya rubuta "actually" yana nufin "a halin yanzu", ko "library" yana nufin kantin littattafai. Jimlar ba ta karya nahawu ba, don haka manhajar kan wuce ta salin-alin, sai malamin da ya san harsunan biyu ne zai gane abin da aka so faɗi. Hausa kuwa ba ta raba sautin p da f, kuma tana cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu. Manhajar mai da magana rubutu tana da amfani a nan: ɗalibi ya furta "pull" da "full" sau goma-goma, ya ga abin da ta rubuta. Sai dai hayaniyar aji da makirfo mai rauni kan sa ta yi kuskuren da ba na ɗalibin ba ne.

Matsala mafi muni ita ce ƙirƙiro littattafai da marubutan da ba su taɓa wanzuwa ba. Duk madogarar da manhajar ta kawo, dole a neme ta a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen bincike, ko ɗakin karatu kafin ta shiga kundi.

Manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura ma ba abin dogaro ba ne. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure, kuma wani bincike na Jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen da aka gwada na masu jarrabawar TOEFL, ta auna Ingilishin waɗanda ba harshensu ba ne, a matsayin aikin na'ura. Dalili kuwa, mai koyon harshe na maimaita sauƙaƙan kalmomi, abin da ma'aunin ke kallo a matsayin alamar na'ura. Hukunta ɗalibi da wannan sakamako kaɗai zalunci ne. Malamin da ke shakka ya zaunar da ɗalibin minti biyar, ya ce ya bayyana sakin layi ɗaya da bakinsa, ya kuma nuna rubutun farko na hannu.