Husufin Watan Sirakusa

Husufin watan Sirakusa cikakken husufi ne da ya auku a daren 27 ga Agusta, shekara ta 413 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daidai lokacin da rundunar birnin Atina na ƙasar Girka ke shirin janyewa daga yaƙin da take yi da birnin Sirakusa a tsibirin Sisiliya. Marubucin tarihi Tusididis, wanda ya rayu a zamanin, shi ya fara rubuta labarinsa, kuma lissafin masana falaki na yau ya tabbatar da daren.

Wata ba ya yin husufi sai ya cika, wato wajen daren sha huɗu, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana, inuwarta ta faɗa kansa. Ba kowane wata hakan ke faruwa ba, domin hanyar da wata ke bi ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da duniya ke kewaya rana, shi ya sa galibi yakan wuce sama ko ƙasa da inuwar. Idan ya shige cikinta gaba ɗaya ba ya ɓacewa. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana lanƙwasa jan hasken rana zuwa gare shi, sai ya yi ja kamar garwashi, kuma wannan launin yakan firgita mutanen da.

Sojojin Atina sun shekara biyu a tsibirin. Harin dare da kwamandansu Demostenis ya kai kan tudun Efifolai da ke saman birnin Sirakusa ya watse, sansaninsu kuma yana cikin fadama, zazzaɓi na ta kwantar da mayaƙa. Da ƙyar babban kwamanda Nikiyas ya yarda a tafi, aka shirya jiragen ruwa a asirce. Ana gab da tashi sai wata ya yi duhu. Yawancin sojoji suka nemi a dakata, masu duba suka ce a jira kwana tara sau uku, wato 27, Nikiyas kuwa ya ƙi ko a sake tayar da maganar tafiya kafin wa'adin ya cika. Marubucin tarihi Fulutak ya ruwaito cewa ƙwararren mai duban Nikiyas, Sitilbides, ya rasu jim kaɗan kafin husufin, kuma ko a ma'aunin masu duban an yi kuskuren fassara, tunda mai gudu duhu yake buƙata. Abin takaici, masanin falsafa Anaksagoras ya riga ya bayyana sababin husufi a cikin Atina kanta shekaru kafin nan, amma ilimin bai kai ga talakawa ba.

Mutanen Sirakusa da kwamandansu Gilifus, mutumin birnin Sifata na Girka, ba su jira ba. Suka ci yaƙin ruwa na farko, inda aka kashe kwamandan Atinawa Yurimedon, sannan suka toshe bakin babbar tashar jiragen ruwan birnin da jiragen da aka ɗaure da sarƙa. Atinawa suka fito da jirage kusan 110 don su fasa shingen, suka kasa.

Mutum kusan 40,000 suka kama hanyar tudu babu isasshen ruwa da guzuri, ana binsu ana sara, har ragowar suka miƙa wuya a kogin Asinaros. An kashe Nikiyas da Demostenis. Fursunoni aƙalla 7,000 aka zuba cikin ramukan fasa dutse na Sirakusa, inda rana, sanyin dare da yunwa suka halaka da yawa, Atinawan cikinsu kuma suka yi wata takwas a can.