Takardun Mulkin Arewa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna

Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon a Kaduna shi ne babbar ma'ajiyar takardun da hukumomin mulki suka bari a Arewacin Nijeriya. A cikinsa akwai wasiƙun ofis, rahotannin shekara, littattafan haraji, rajistar kotunan alƙalai, taswirori, da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Yana ɗaya daga cikin manyan rassa uku na hukumar adana takardun tarihi ta tarayya. Sauran biyun suna Ibadan da Inugu. Masu bincike kan taƙaita sunansa su rubuta NAK. Mafi yawan abin da ke ciki ya shafi tsakanin 1900, shekarar da Lugga ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa, da 1966, lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin farar hula ta farko.

Kafuwa

Har zuwa 1950 Nijeriya ba ta da wani gida na musamman don tsofaffin takardun gwamnati. Kowane ofis yana jibge nasa a sito, abin da gara ta bari ruwan sama ya ƙarasa. Masanin tarihi Kenneth Dike, wanda daga baya ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan, shi ya zagaya ofisoshi tsakanin 1951 da 1953 ya ga halin da takardun ke ciki, ya rubuta wa gwamnati rahoto. A kan wannan rahoto aka buɗe ofishin adana takardu ranar 1 ga Afrilu, 1954, aka ba shi doka a 1957. Bayan haka aka shiga kwaso fayil-fayil daga Sakatariyar Kaduna da ofisoshin larduna. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce dokar soja mai lamba 30 ta 1992.

Yadda aka jera takardun

Ba a jera takardun bisa maudu'i ba. An bar kowane tari da sunan ofishin da ya fito, kamar yadda ake yi a irin waɗannan gidaje ko'ina a duniya. Saboda haka mai neman tarihin garinsu sai ya fara tambayar kansa: wane ofis ne ke kula da garin a wancan lokaci?

Tari mafi girma shi ne na Sakatariyar Lardunan Arewa, mai alamar SNP. Wannan ofis ya yi ƙaura tare da hedikwatar mulki, daga Lokoja da Jebba zuwa Zungeru a 1902, sannan Kaduna a 1917. Sai na larduna, waɗanda galibi aka yi wa laƙabi da garin da Razdan, Baturen da ke shugabantar lardi, ke zaune: KANPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zariya, KATPROF na Katsina, BAUPROF na Bauci, MAIPROF na Barno, YOLAPROF na Adamawa, JOSPROF na Filato, MINPROF na Neja, MAKPROF na Binuwai, da ILORPROF na Ilori. Iyakokin lardunan kuwa ba su tsaya wuri ɗaya ba. Katsina, alal misali, tana cikin Lardin Kano har 1926, aka mai da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa. Wanda bai san wannan ba zai wuni yana lalube a KATPROF, alhali takardar da yake nema tana kwance a tarin Kano.

Tafiyar fayil

Fayil ɗin zamanin Turawa yana da hanyar da yake bi, kuma sanin hanyar shi ne rabin iya karanta shi. Magana takan taso daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa sarki da majalisarsa, wato En'e. Di'o, wanda mutane suka fi sani da Joji, shi zai rubuta ta da Turanci ya aika wa Razdan. In ta fi ƙarfin lardi sai ta wuce Kaduna, wani lokaci har Ikko, wani lokaci har Ofishin Mulkin Mallaka a Landan. A kowane zango akawu zai buga lamba da kwanan wata, jami'i ya rubuta ra'ayinsa a kan takardun da ke maƙale a farkon fayil, ya sa haruffan sunansa.

Waɗannan gajerun bayanai na hannu sukan fi wasiƙar da aka buga da tafireta daɗin karatu. A wasiƙa kowa yana sanye da babbar riga. A gefen fayil ne ake ganin Razdan yana gunaguni kan wani hakimi, ko ma'aikatan Kaduna suna yi wa jami'in lardi dariya don ya cika zaƙewa. Nan ne kuma ake gane dalilin da ya sa aka naɗa wane aka bar wane.

Sai dai akwai abin da ya kamata a riƙe. Bature ne ya rubuta, don amfanin Bature ɗan'uwansa, kuma abin da ya dame shi bai wuce uku ba: haraji ya shigo, ƙasa ta zauna lafiya, sarauta ta faɗa hannun wanda za a iya tafiya da shi. Muryar talaka, in ta shigo, ta bakin tafinta ta biyo, a gaban hakimi ko yaran hakimi.

Rahotannin ƙiyasin haraji

Babu takardun da masana suka fi wawaso kamar rahotannin ƙiyasin haraji. Akan tura ƙaramin jami'i gunduma ya yi makonni yana rangadi a kan doki, ƙauye bayan ƙauye. Zai ƙirga magidanta da mata da yara, shanu da awaki da jakuna, ya auna wasu gonaki ya ƙiyasta damman gero da dawa da suke bayarwa, ya lissafa masu sana'a: masaƙa, marina, maƙera, dukawa, mahauta, fatake. Zai rubuta ranakun kasuwa da farashin kaya da zurfin rijiyoyi. Kafin duk wannan zai tara dattawa su ba shi tarihin garin da jerin sarakunansa. A ƙasar Kano an ma yi tsarin taki, inda malaman taki ke auna gona da takun ƙafa a yanka mata kuɗi.

Ga garuruwa da yawa, wannan shi ne rubutaccen tarihinsu mafi tsufa. Daga irin waɗannan bayanai ne aka tsamo littattafan taƙaitaccen tarihin larduna da aka buga a 1920 da 1921. Amma alƙaluman suna son taka-tsantsan. Kowa ya san abin da Bature ya zo ƙirgawa da dalilinsa. Bafulatani ba ya tsayawa da garkensa a bakin hanya lokacin jangali, magidanci ba ya sallama sunan kowane saurayi a gidansa. Tarihin sarautar ma yakan karkata wajen gidan da ke kan gado ranar da aka yi tambayar. Gidan da aka tuɓe sai ya ɓace daga jerin, ko ya fito a matsayin azzalumai. Rigingimun sarauta da dama na yau tushensu yana cikin shafi biyu da wani saurayin Bature ya rubuta a bukkar rangadi.

Kotuna da baitulmali

Takardun En'e sun fi kusa da rayuwar mutane. Rajistar kotunan alƙalai da ta majalisar sarki, wadda galibi da Larabci aka rubuta ta a farkon zamanin, tana ɗauke da shari'un gado, aure, bashi, gona da kisan kai. An yi nazari mai zurfi a kan hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. Akwai kuma rajistar bayin da suka sami 'yanci, ta hanyar fansa ko murgu ko hukuncin kotu, inda akan rubuta suna da ƙabila da shekaru da kuɗin da aka biya. Da ita masana suka bi diddigin yadda bauta ta riƙa mutuwa sannu a hankali har aka haramta ta gaba ɗaya a 1936.

Littattafan baitulmali su ke nuna yadda sarki da hakimi da alƙali da dogari suka koma masu albashi. A cikin lissafin kuɗi ne ma sau da yawa ake haƙa ramin tuɓe mai sarauta. Binciken da D. J. M. Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963 da komawarsa Azare.

Wasiƙun Larabci

Rubuta wasiƙar mulki ba Turawa suka kawo ta ba. A Daular Usmaniyya gidan Waziri, zuriyar Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke riƙe da wasiƙu tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasashe. Akan rubuta su da Larabci a kan takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus, a buga hatimi a sama. Ba kasafai ake sa kwanan wata ba, kuma sau da yawa ainihin saƙon yana bakin manzo, takardar shaida ce kawai cewa aiko shi aka yi. Masana kan gane zamanin wasiƙa ta hatiminta da sunayen da aka ambata a ciki.

Da Turawa suka shiga Sakkwato a Maris 1903 sun sami tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari. H. F. Backwell ya fassara su, aka buga a Ikko a 1927. A ciki ana ganin sarakuna suna sanar da Sakkwato motsin Nasara, suna shawara kan ko a yi yaƙi, ko sulhu, ko hijira. Akwai kuma shahararriyar wasiƙar nan ta 1902 da Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa, wadda ya ɗauka a matsayin shelar yaƙi ya kafa hujja da ita. Fassarar Turancinta kaɗai ake da ita, ba a ga ta Larabcin ba, shi ya sa masana suka daɗe suna jayayya a kan ingancinta.

Bayan cin ƙasa sarakuna sun ci gaba da rubuta wa Razdan da Larabci na wani lokaci, kafin Hausar boko ta karɓe aikin En'e. A fayil guda akan tarar da wasiƙar magatakardan sarki da tawadar gargajiya, ga fassarar tafinta a bayanta. In aka gwada su, ba kullum suke faɗin abu ɗaya ba.

Bayan 1967

Ranar 27 ga Mayu, 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Jihar Arewa gida shida. Aka raba ma'aikata da motoci da fayil-fayil ɗin da ake aiki da su. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, takardunta suka watsu tsakanin fada da sakatariyar ƙaramar hukuma da kotu. Aka sake yanka jihohi a 1976, 1987, 1991 da 1996, kowane karo fayil-fayil suna hawa bayan akori-kura zuwa sabuwar hedikwata, inda ofis ma bai samu ba balle sito.

Gidan Kaduna na tarayya ne, kuma hanyar da za a riƙa miƙa masa tsofaffin takardun ma'aikatun jiha ba ta taɓa kankama sosai ba. Wasu jihohi sun kafa nasu: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan Hanns Vischer a Nasarawa, Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da takwararsu a Katsina. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Firimiya Sa Ahmadu Bello, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mai da shi cibiyar binciken tarihi a 1970, yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Duk da haka abin mamaki ya tabbata: ya fi sauƙi a gano abin da Joji ya rubuta a kan wata gunduma a 1925 fiye da abin da wata ma'aikatar jiha ta yanke a kan gundumar nan a 1985.

Abin da ke waje

Wasiƙun da suka kai Landan suna gidan adana takardun Birtaniya da ke Kew, na Arewa kafin haɗe Arewa da Kudu a 1914 a ƙarƙashin CO 446, na bayanta a CO 583. Takardun Lugga na kansa suna Oksfod. A 2011, sakamakon ƙarar da tsofaffin 'yan Kenya suka shigar kan azabar da aka gana musu a zamanin tawayen Mau Mau, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayil-fayil da ta kwashe daga ƙasashen da ta mallaka gab da 'yancin kai. An fito da su a ƙarƙashin FCO 141, har da na Nijeriya.

Mai binciken garuruwan kan iyaka, kamar Jibiya da Maraɗi ko Illela da Birnin Ƙonni, yana da aiki biyu. Iyakar da jami'an Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba labarin: rabi yana Kaduna da Turanci, rabi yana Yamai da Dakar da Aix-en-Provence da Faransanci.

Masu zuwa da halin da takardun ke ciki

Dokar 1992 ta ba jama'a damar duba takardar da ta shekara 25, ta kuma hana fitar da takardun tarihi daga ƙasar ba da izini ba. Ba ɗalibai kaɗai ke cika ɗakin karatu ba. Lauyoyi da wakilan gidajen sarauta da al'ummomin da ke rigimar iyakar gona ko neman masarauta suna zuwa neman kwafin da aka buga wa hatimi, don kotu ta karɓa. Ko a Kotun Duniya, hukuncin 10 ga Oktoba, 2002 tsakanin Nijeriya da Kamaru, wanda ya haɗa da yankin Darak na Tafkin Chadi, ya dogara ne a kan takardun da Ingila da Faransa suka yi musaya, ciki har da na 1931.

Takardar tafireta mai shara-shara ba ta jure zafi da ƙurar hunturu da damshin damina. Takan yi ja, ta bushe, ta karye a hannu. Ƙusar da aka maƙale shafuka da ita takan yi tsatsa ta ci gefen takarda, ga gara da kyankyaso. Wani lokaci fayil yana cikin jerin sunaye amma ba ya kan kanta. Shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari ya ɗauki hotunan wani ɓangare na takardun Kaduna da Kano, mafi yawa na ƙarshen zamanin Daular Usmaniyya da farkon zuwan Turawa, ya sa su a intanet inda kowa zai iya dubawa kyauta. Sauran kuwa sai mutum ya je da kansa, ya cike takardar neman fayil, ya jira a ɗauko masa.